Sanarwa ga Ƴan Rukunin Masu Sayar da Kayan Jirgin Ruwa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris, 2020, kowa ya ga yadda kasuwa ta juya. Za mu tattauna ta Zoom ranar Asabar, ƙarfe 8 na dare, kan tsarin da za mu bi.

Kafin nan, a rage cunkoso a shago. Mai saye ya yi oda ta waya, a haɗa masa, ya karɓa a bakin ƙofa. Takunkumin fuska dole ne.

Abin da ya fi damuna shi ne rigar ceto. Mutane na son gwadawa, kuma da gaskiyarsu, domin wadda ba ta kama jiki ba tana iya zamewa a ruwa. Maimakon wannan ya sa, wancan ya sa, a tambayi nauyin mutum da faɗin ƙirjinsa, a duba da abin da ke rubuce a jikin rigar.

Kaya na makara a hanya. Kafin Juma'a kowa ya turo abin da ya yanke masa, farfela ce, filogi, igiya ko man inji, mu cike wa juna. Don Allah banda ɓoye kaya.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Na gode.