A Gyara Tsofaffin Gidajen Ciniki na Tsibirin Legas, Kada a Rusa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan tsofaffin benayen tsibirin Legas, domin a cikin ɗayansu nake kwana.

Gidan da muke haya kusa da titin Kakawa asalinsa na ciniki ne: ƙasa kanti da sito, sama mazaunin mai gida. Ginin Aguda ne, 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19 da gwanintar gini da kafinta. Yanzu an yayyanka siton da katako an fitar da ɗakuna, mu 'yan Arewa masu canji da masu dako muka cika su.

Bangon jan bulo ne mai kauri, shi ya sa ko an ɗauke wuta ɗakin ba ya gasa mutum. Tagogin dogaye ne, samansu a lanƙwashe kamar baka, an zagaye su da adon furanni na yaɓe. Ƙugiyar da ake rataye sikeli tana nan a rufin ɗakina, ni kuwa gidan sauro nake ɗaura mata. Ruwa da bayan gida ne kawai abin kuka, don maginin bai yi lissafin wannan taron jama'a ba.

Ilojo Bar, wani tsohon bene irin ginin Aguda a dandalin Tinubu, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, duk da haka aka rusa shi a 2016. Roƙona ga gwamnatin jiha, ta tallafa wa masu irin gidajen nan su sake rufi da bututun ruwa, kafin damina ta ƙarasa su.

Naka,
Wani mai karatu daga tsibirin Legas