A buɗe ma ƙananan mawaƙanmu ƙofar rediyon makarantu

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yaranmu mawaƙa na nan Sakkwato, waɗanda ba kamfani ba ubangida, sai Allah sai muryarsu.

A da mawaƙi da ubangida yake tashi, Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, to yaron yanzu fa? Zai tara kuɗin kabu-kabu ko na ɗinki wata da watanni, ya shiga situdiyo a Mabera ko Runjin Sambo wanda bai wuce shago ɗaya ba, an manna soso a bango, janareto na ruri a waje, ya zuba waƙa mai ma'ana wallahi wata har tsigar jikinka sai ta tashi, amma daga nan shi ke nan, iyakarta masu tura waƙa a waya da abokai biyar a WhatsApp. Abin yana ci mini rai sosai.

Gidajen rediyon kasuwa ban ga laifinsu ba, da kuɗin talla suke sayen dizal. Amma rediyon makaranta daban ne, lasisin da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ke ba su don koyar da ɗalibai ne da yi wa jama'ar kewaye hidima, ba don riba ba. Jami'ar Legas ce ta fara da UNILAG FM, a Kano ga BUK FM kan mita 98.9. Mu nan ga Jami'ar Ɗanfodiyo tun 1975, ga jami'ar jiha, ga Kwalejin Shehu Shagari, ga foli ta Umaru Ali Shinkafi, dubban matasa ne da iyafis a kunne.

Roƙona ga duk makarantar da ke da tasha ko take shirin buɗewa, a ware ko awa ɗaya ce a mako don sabbin mawaƙa kawai. A sanar da lambar da za a turo waƙa a fili kowa ya ji, ba sai ka san wani ba, kuma kar a karɓi na goro ko sisi. Ɗalibai su saurara su zaɓa, malami ya duba, a kira mawaƙin a yi hira da shi, ai su ma ɗaliban aikin jarida sun samu wurin gwaji kenan.

Ku kuma ƙannena mawaƙa sai kun gyara. Kar ka turo waƙar da ka ɗauka da waya sauti na kwarmato, ba suna ba lamba. Turo mai tsabta, ka rubuta sunanka da sunan waƙar da wanda ya buga kiɗan. Batsa da habaici da zagin 'yan siyasa a bar su a gida, garin malamai muke, kuma ba shugaban tashar da zai yarda a ci shi tara saboda kai. In hali ya yi ka taka da ƙafarka ka gaida mai shirin, in an saka waƙarka ka gaya wa 'yan unguwa su kira su nemi a maimaita.

Na gode, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka.

Mai karatunku daga Arkilla, Sakkwato