Ba wankin likita ne ke girgiza haƙora ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a garin Tawa, shekarata 54, kuma sai bana na fara zama a kujerar likitan haƙori. Ka ba ni fili in janye wata magana da na daɗe ina yaɗawa a majalisar shayi, wai in likita ya wanke maka haƙora da na'ura to ya kankare ƙarfinsu, daga nan sai girgiɗi. Na hana mutum ya fi biyar zuwa asibiti da wannan zance, ina roƙon su yafe mini.

Shekara 16 na yi ina ci-rani a Abijan kamar sauran 'yan Adar, keken ɗinki a kafaɗa, goro a kumatu, shayi mai sukari safe da yamma. Asuwaki kam ina yi kafin salla, amma na gaba kawai nake gogewa, waɗanda ake gani in an yi dariya. In na gatsa farin goro sai in ga ja a jikinsa, in ce zafi ne ya yi mini yawa, in nemi saiwa in jiƙa. Haka aka tafi.

Mai ɗakina ta yi kawaici, abokai ma sun yi. Jikata ce 'yar shekara 6 ta fasa ƙwai. Na ɗauke ta ina mata wasa, sai ta kawar da kai ta ce, "Kaka, na fasa aurenka, bakinka wari yake." Gida ya ɗauki dariya, ni ma na yi, amma ban yi barci ba a daren.

Likitar da na samu ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Ta sa ƙaramin madubi a bakina, ta miƙo mini babba in duba. Bayan haƙorana na ƙasa babu ko tsaga ɗaya tsakaninsu, duk sun haɗe cikin wani abu ruwan ƙasa kamar an yi musu yaɓe. Ta ce, "Baba, wannan ba haƙorinka ba ne." Ta bayyana mini cewa dauɗar nan mai santsi da ke kwanciya a haƙori kullum cike take da ƙwayoyin cuta, in ba a goge ta ba cikin 'yan kwanaki sai gishirin da ke cikin miyau ya ƙamar da ita, kamar farin nan da ke kama cikin butar shayi. Ta fi taruwa a bayan haƙoran ƙasa domin a ƙarƙashin harshe miyau ke ɓuɓɓugowa. In ta riga ta ƙame, ba asuwaki, ba buroshi, ba gawayi, ba garin da ake tallarsa a kasuwa ranar Lahadi da zai ɓamɓare ta.

Sannan ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi. Ni mai awo ne, don haka nan na fi ganewa. Lafiyayyen dasashi ba ya barin ƙarfen ya wuce milimita 3. Nawa a wasu wurare har 6, alamar ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya fara zaizayewa.

Aikin ɓamɓare wannan dauɗa da ta ƙame ta zama dutse shi suke kira detartiraj. Na'urar tana da tsini, tana kuka kamar sauro a kunne, ruwa na fesowa, ni kuwa ina tofar da ɓarɓashi kamar tsakuwa a shinkafa. Zama biyu muka yi, na biyun da allurar kashe zafi, saboda sai da ta shiga ƙarƙashin dasashi. Ta rubuta mini ruwan kuskure baki na mako biyu, ta ce kada in wuce haka don yana rina haƙora.

To a nan zancen majalisa ya samo asali. Da na isa gida sai na ji iska na ratsa haƙorana, ga giɓi ko'ina, ruwan randa ya gagare ni sha, biyu na gaba suna motsi in na taɓa da harshe. Na koma da faɗa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Baba, in gara ta cinye azara, wanda ya ɓare yaɓen ne ya kayar da ɗaki?" Ashe dutsen nan ne ya cike guraben da ƙashi da dasashi suka bari, yana tallafe da haƙoran, yana kuma ci gaba da cin gindinsu. Cikin mako uku jini ya tsaya, kumburi ya sabe, sanyin ma ya ragu. Ƙashin da ya tafi dai ba ya dawowa, haure ɗaya sai da aka cire shi. Ta kuma tura ni awon sukari, don ciwon sukari da ciwon dasashi suna rura wa juna wuta. Alhamdulillahi nawa lafiya lau.

Kuɗin da na biya ya kai ɗinkin babbar riga biyu, kuma ba zan ce ba su yi mini zafi ba. Sai dai ni ina cikin gari. Mutumin ƙauyukan Keita ko Buza ba ya ɗaukar mota don jini a goro, sai kumatu ya kumbura ido ya rufe, lokacin kuwa ba sauran magana sai cirewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum biliyan 1 ke fama da ciwon dasashi mai tsanani, amma a rediyo kullum zancen zazzaɓin cizon sauro da rigakafin yara nake ji, wanda ba laifi ba ne. Ina roƙon gidajen rediyonmu su gayyato likitocin haƙori su yi bayani da Hausa da Tamashek, ko da a ranar 20 ga Maris ce, ranar lafiyar baki ta duniya. Ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara kuma, in mutum ya zo da wani ciwo, don Allah a ce ya buɗe baki a leƙa.

Bayan wata uku zan koma a sake awo. Jikata ta ce tana shawara kan batun auren.

Naka,
Wani tela, Tawa