Zuwa ga ɗan acaɓan da ya tare ni da tambaya a ƙofar gidan Lawan mai unguwa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zafin Garwa? Ban san sunanka ba, shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani, tunda kai ma a bainar jama'a ka yi tambayarka.

Ranar da aka tara matasan unguwa kan maganar tramol, an ba ni minti goma saboda na yi shekara talatin ina aikin jinya, sai na ɓige da zancen karin kumallo da dunƙulen miya. Ka miƙe daga can baya, hular kwano a hammata, ka ce: "Mama, ƙwaya aka tara mu a kanta, me ya kawo tuwo? Kuma babana ƙwaya bakwai yake haɗiya kullum, yayata tana shan ta ƙiba, ba wanda ya kira musu taro. Me ya raba mu da su?" Aka fashe da dariya, wasu dattawa suka ce zauna, marar kunya. Ladan ya kira magariba, kowa ya kama gabansa. Ni ban ga rashin kunya ba. Tambayarka ta fi jawabina, kuma da ita na kwana.

Da kai zan fara, don ina ganin irinku kowace asuba idan na fito sayen gasara. Ka jingine babur a teburin mai shayi. Kofi ɗaya, sukari huɗu, madarar gwangwani, Nescafé rabin cokali, gutsuren burodi in aljihu ya yarda. Sai ka juya baya kaɗan, ka ɓare takardar, ka jefa a baki. Daga nan ba abin da zai sake shiga cikinka sai ruwan leda da wani shayin, har bayan isha. In aka tambaye ka sai ka ce ba ka jin yunwa. Gaskiya ka faɗa, ba ka ji. Amma tana nan.

Ƙwayar nan ba ta ƙara wa jiki ƙarfin ko ƙwarar gero ɗaya. Ciwon baya da gajiya da yunwa 'yan aike ne, jiki ke tura su su gaya maka ka sauka ka ci ka huta. Tramol tare su take a hanya ta ɗaure. Babur ɗinka in ka cire masa allurar da ke nuna mai, tanki ya cika ke nan? Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ɗana. Abin da ya kawo tuwo cikin zancen ke nan.

Asalin sunanta tramadol. Wani kamfanin Jamus, Grünenthal, shi ya fara sayar da ita a 1977, kuma magani ce ta gaske: na ba wa wanda aka yi wa tiyata, na ba mai karaya, na ba mai ciwon daji, na ga sun samu barci. A asibiti miligiram 50 ko 100 muke bayarwa, ba ma haura 400 a wuni guda komai tsananin ciwo. Wadda ake sayar muku a bakin titi 200 ce ko 225 a ƙwaya ɗaya. Biyu kawai sun taɓa iyaka ko sun wuce ta, kuma na san masu shan biyar. Shi ya sa ake kawo mana yaro da bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa, ya faɗo daga babur yana karkarwa, kumfa a baki, fasinjarsa kuma tana gadon da ke kusa da karyayyar ƙafa. Uwarsa ta rantse iska ce.

Akwai labarin da nake so ka sani, don a ƙasarmu ya faru. A 2013 wasu masu bincike suka shelanta cewa sun gano tramadol a cikin saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru. Duniya ta ɗauka: ashe itace na yin abin da aka zaci sai a masana'anta. Shekara na zagayowa wasu daga Jamus suka sake dubawa, suka ce ba haka ba ne. Manoma ne ke sha, kuma suna ɗura wa shanun huɗa don su jure aiki a rana. Abin ya bi fitsari da kashi ya shiga ƙasa da ruwa, saiwa ta tsotsa. Duk lokacin da na tuna sai in ji dariya da kuka lokaci guda. Abin da sa yake so harawa ce da inuwa. Mai shi ba shi da harawar, ba shi da lokacin inuwar, sai ya ba shi ƙwaya. Abin da kake yi wa kanka ke nan, kai ne san, kai ne kuma mai shi.

Hukumomi sun yi ta toshe ƙofa. A 2018 Indiya, inda yawancinta ke fitowa, ta tsaurara doka a kanta. A shekarar ce kuma Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Ba a jima ba sai ga wasu ƙwayoyin masu tapentadol, ɗan'uwan tramadol, sun cika kasuwa da sababbin sunaye. An sayar da kare an sayi biri. Muddin yaro zai fita aikin awa goma sha huɗu da shayi a ciki, mai teburin ƙwaya ba zai rasa abin miƙa masa ba.

Yayarka kuwa, laifinta rabi namu ne, mu gwaggonni da innoni. Mu ne za mu kama dantsen amarya mu matsa, mu ce, "Ke kuwa ba ya ciyar da ke ne?" Ta ji kunya ta nufi mai tebur a haɗa mata sha-ka-fashe. Galibi abu biyu ne a ƙullin: cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki ya kawo barci, da dexamethasone, wanda muke ajiyewa don asma mai tsanani da kumburi. Na biyun ne mugun. Yana tara ruwa da kitse a fuska da wuya da ciki, ƙafafu kuma suna sirancewa. Fuska ta yi kamar faifai, kowa na cewa aure ya karɓe ta. A ƙarƙashi sukarin jini na hawa, jini na hawa, ƙashi na rubewa, ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Kuma cikin da aka buɗe da me ake cika shi? Fanke, taliya mai mai, lemon kwalba. Ka gaya mata kada ta yanke shi rana ɗaya in ta daɗe tana sha, jiki na iya sulalewa har ya kai ga rasa rai. Ma'aikacin lafiya ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan. Kai ma haka da taka: mai yankewa farat ɗaya zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci ke mayar da shi cikin kwana uku, sai ya ce ya gwada ya kasa.

Yanzu babanka. Ban ga ledarsa ba, amma na zazzage irinta a tabarma sau ba adadi, har ina iya faɗa maka abin da ke ciki. Akwai na hawan jini. Akwai diclofenac na gwiwa, wanda yake sha da safe kafin ya karya. Shi wannan yana cin bangon ciki, yana ƙara hawan jini, yana gajiyar da ƙoda. Ciki ya fara zafi, aka ƙara masa na gyambon ciki. Jini ya ƙi sauka, aka ƙara amlodipine. Amlodipine ya kumbura masa idon sawu, wani likitan da bai ga katin farko ba ya rubuta na fitsari. Sai paracetamol iri biyu, kwali daban suna daban, shi bai san abu ɗaya ba ne. Bakwai sun cika. Kowace takarda daga wani asibiti take, ba wanda ya taɓa cewa, "Baba, kawo duka mu gani." Ba wanda kuma ya tambayi mamarka dunƙule nawa take jefa wa miya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a wuni, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa mu sa huɗu ko biyar, mu bi da gishirin hannu, a kan tire kuma ga yaji mai nasa dunƙulen. Sukari aka ce kada ya wuce giram 50, misalin ƙananan cokula 12. Kofin shayi uku irin naku sun cinye rabon wuni kafin azahar. Da ina yarinya tuwon dawa muke ci da miyar kuka ko yakuwa, daddawa ce ke ba ta armashi, da safe a ɗumama abin da ya kwana. Ba na cewa zamanin ba cuta. Ƙyanda da tamowa sun kwashe ƙannena biyu. Amma dattijo mai leda cike da ƙwaya, ban taso na gan shi ba.

Laifi tudu ne, bari in sauka daga nawa. A wani ƙaramin asibiti da na yi aiki, in mutum ya zo da kasala da ciwon kai, na san sarai abinci da barci yake nema. Amma in na sallame shi da magana kawai zai ce matar nan ba ta iya aiki ba, gobe ya tafi wurin mai allura. Sai in rubuta masa huɗu: na ciwon kai, na ƙarin jini, bitamin, da wani na kashe ƙwayoyin cuta don takardar ta yi nauyi. Mu muka koya wa mutane cewa kowace gajiya tana da ƙwayarta. Ni kaina yau shekara tara ina shan na hawan jini, kuma sai da ya kama ni na koma daddawa.

To me ya raba ku? Maganin hawan jinin babanka an auna an ga cutar, an san adadinsa, bara ɗaya ne bana ma ɗaya ne, in ya bari shanyewar ɓarin jiki na iya biyo baya. Kada ka je gida ka ce Mama ta ce a zubar. Taka kuwa da rabi ka fara, yau nawa kake sha? Ita ke ƙara wa kanta kuɗin haya. Kuma babanka ba ya ɗauko matar wani da goyonta ya hau gadar Binuwai da su. Wannan shi ne bambancin, ba zan rage maka shi ba. Sauran huɗu ko biyar ɗin da ke ledarsa kuwa, a nan ka fi dattawan da suka ce ka zauna gaskiya.

Na san za ka ce abinci tsada. Ban ce nama ba. Wake, gyaɗa, zogale, busasshen kifin Lagdo, ɗumamen tuwo, kindirmo: lissafa abin da kake ba mai shayi da mai tebur daga asuba zuwa dare, ka je wurin mai shinkafa da wake ka tambaye ta kwano nawa ke nan.

Ranar Asabar bayan la'asar ina gida, yaran unguwa sun san ƙofar. Ka zo da ledar babanka gaba ɗaya, har da tsofaffin katunan asibiti, mu jera su a tabarma in rubuta masa abin da zai nuna wa likita guda ɗaya. Ka ce mamarka ta tara takardun dunƙulen da ta ɓare daga yau zuwa ranar, kada ta yar ko ɗaya. In yayarka za ta biyo ka, bismillah. Taka takardar ma ka zo da ita in ga lambar da ke jiki, ba zan gaya wa Lawan ba. Zan dama kunun gyaɗa.

Mamarka,
tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Garwa