Wasiƙa daga Bangalore: rigimar ƙarfe ɗaya da rabi

Salam mutumina Sanusi, ya gida ya su Umma, ya zafin Kano? Ka yi haƙuri da shirun nan, jarabawa ce ta sha kaina. Na ga saƙonka kana tambaya wai da gaske ne Indiyawa ba sa yin komai sai sun duba lokaci, to bari in ba ka labarin da na gani da idona satin da ya wuce.

Abokan ajinmu biyu suka haɗa kuɗi za su sayi babur, ɗaya ɗan Gujarat ɗaya ɗan Tamil Nadu, dukansu Hindu, ni kuma suka ce in raka su ranar Alhamis. Ɗan Gujarat ya ciro waya ya ce a karɓi makulli tsakanin ɗaya da rabi zuwa uku na rana, wai lokacin Amrit ne, babu kamarsa a ranar. Wallahi kafin ya rufe baki ɗan Tamil ya zabura kamar an taka masa ƙafa, ya ce wannan ai daidai Rahu kalam ne, wato lokacin rashin sa'a a wajensu, ko allura ba zai saya ba a ciki balle babur, in mamarsa ta ji ma kashinsa ya bushe. Muna tsaye a bakin shago, dillali ya kawo mana shayi har sau biyu suna ta musu.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne yanka ɗaya suke yi wa ranar. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a raba gida 8, kowane kashi wajen minti 90, yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon tsawon wuni, shi ya sa na Delhi ba ya zama daidai da na Chennai. Mutanen Gujarat da Rajasthan suna ce wa nasu choghadiya, kowane kashi da sunansa, Amrit da Shubh da Labh masu kyau, Chal ba yabo ba fallasa, Udveg da Kaal da Rog kuwa a kauce musu. Mutanen kudancin Indiya, irin su Tamil, abin da suka fi tsoro kashi guda ne kullum, na Rahu, Litinin bakwai da rabi zuwa tara na safe, Lahadi huɗu da rabi zuwa shida na yamma, haka dai yake yawo. To ranar Alhamis na Rahu kashi na shida ne, kuma a lissafin choghadiya na shidan Alhamis shi ne Amrit. Ka ga inda gizo ke saƙar.

Wannan ma na 'yan sauri ne, na sayen babur da kama hanya. In maganar aure ce ko tarewa a sabon gida sai an je wajen pandit, malaminsu ke nan, ya buɗe panchang, wato kalandarsu mai ƙafa biyar, akwai tithi, ranar wata ke nan guda 30, da ranar mako, da nakshatra, masaukan wata 27, sai yoga da karana, su ma lissafin tafiyar rana da wata ne. A nan na tuna Malam na zaurenku da lissafin taurarinsa, shi 28 yake ƙirgawa irin na Larabawa. Akwai kuma muhurta, dare da wuni an raba gida 30, kowace minti 48, ta tsakar rana suna ce mata Abhijit kuma suna ganin tana da albarka.

Ko watan ma ba su haɗu ba fa, a arewacin Indiya wata yana ƙarewa ne da cikar farin wata, a nan Karnataka da Gujarat da ɓacewarsa, Tamil kuwa rana suke bi, shekararsu na kamawa tsakiyar Afrilu. Shekarar kalandarsu ta Vikram ta riga ta Turawa da kusan 57, ta Shaka wadda gwamnati ta ɗauka a 1957 tana baya da 78. Kar ka ce na ƙauye ne kawai, kasuwar hannun jari ta Mumbai kanta tana buɗewa na awa ɗaya ranar bikinsu na Diwali don neman sa'a.

Ni dai ka san aƙidata, istihara da bismillah sun ishe ni, amma ban yi musu dariya ba don na tuna yadda Inna ke hana mu tafiya ranar Larabgana.

Daga ƙarshe ɗan Tamil ne ya ci, shi ma ɗan Gujarat ya yarda cewa ko a wajensu in Rahu ya hau kan Amrit ana barinsa. Uku zuwa huɗu da rabi kuma Kaal ne, don haka sai huɗu da rabi da Shubh ya shigo suka karɓi makulli, suka ɗora tayar a kan lemun tsami suka murƙushe, ni kuwa ko abincin rana ban ci ba.

Ka gaida Bala, ka ce masa yajin da ya aiko ya kusa ƙarewa.

Naka,
Auwalu