Amsa ga Kawu kan arzikin ƙasan Bahar Maliya

Assalamu alaikum Kawu, da sauran 'yan'uwa Hausawan Jidda da Makka.

Ka tambaye ni a bainar jama'a, wai baƙaƙen duwatsun nan masu kama da dankali da ake rububin kwasowa daga ƙasan teku, akwai su a Bahar Maliya? To Kawu gaskiya namu daban ne.

Waɗancan da kake gani a bidiyo yawanci a tekun Fasifik suke, tsakanin Hawai da Meziko, a zurfin mita 4,000 ko fiye. Wani ƙarfe da ake kira manganis ne ya fi yawa a cikinsu, kusan kashi 30 cikin 100, sai nikel da jan ƙarfe kowanne kashi 1 da 'yan kai, kobalt ɗan kaɗan. In aka fasa ɗaya zobe-zobe ake gani, wani lokaci a tarar da haƙorin kifin shak a tsakiya, a kansa ma'adinin ya yi ta taruwa, 'yan milimita kacal a shekara miliyan. Ikon Allah.

Mu nan taɓo ne. Akwai wani rami da ake kira Atlantis II tsakanin Jidda da gaɓar Sudan, zurfinsa ya haura mita 2,000, ruwan da ke kwance a ciki zafinsa ya wuce digiri 60 ga gishiri ninkin ba ninki, kuma babu iskar oksijin a cikinsa, shi ya sa manganis ba ya saurin kwantawa, narkewa yake yi a ruwan sai ya taso inda oksijin take sannan ya daskare. Amma tutiya da jan ƙarfe haɗuwa suke da farar wuta su kwanta a ƙasa, har da azurfa da ɗan zinare. In aka zaro taɓon nan a bututu za ka ga launi kan launi, ja, ruwan ƙasa, baƙi.

Tun 1974 Saudiyya da Sudan suka ƙulla yarjejeniyar cin moriyarsa tare, a 1979 wani kamfanin Jamus Preussag ya gwada zuƙowa, amma har yau ba a fara haƙa na kasuwanci ba.

Ni abin da ke damuna Kawu, in an tace ƙarfen ina za a zuba ragowar taɓon? Murjanin tekun nan shi ne gidan kifi, masuntan Jidda da na Bur Sudan da shi suke ci da iyali. Wannan nake so a fara amsa mana kafin a zo maganar riba.

Allah Ya ƙara girma, a gaida gida.