Ina son lasisin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Niyok, amma ina tsoron a ce na tona asirin mutanenmu

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, tare da duk waɗanda kuke gabatar da shirin nan. Ina sauraronku ta intanet daga unguwar Bronx a birnin Niyok na ƙasar Amurka. Don Allah ki sakaya sunana, domin mu Hausawa a nan mun san juna, da an ji bayani an gane mai shi.

Ni 'yar Zariya ce. A Jami'ar Ahmadu Bello na yi digirin farko a fannin ba ɗalibai shawara, kafin aure ya kawo ni ƙasar nan. Yanzu ina da yara, shekaruna sun haura talatin, kuma aikin tafinta nake yi a wani ƙaramin asibitin unguwa, tsakanin likitoci da masu jin Hausa: 'yan Nijar, 'yan zangon Kumasi da Akara, da mu 'yan Najeriya. Burina shi ne in koma makaranta in samu lasisin da jihar Niyok ke ba masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda ake kira LMHC.

Aikin tafintan ne ya sa mini wannan buri. Mace za ta zo da ciwon kai da rashin barci da faɗuwar gaba, a yi mata duk gwaje-gwaje a ce lafiyarta ƙalau, sai likita ya tura ta wajen mai ba da shawara. Yawanci ba ta zuwa. In ma ta je, ga baƙuwar fuska a gabanta, ga tafinta a tsakani, wani lokaci ma namiji ne ta waya wanda ba ta san ko ɗan garinsu ba ne. Ta yaya za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta, ko ta ce tun da ta haihu ba ta jin son ɗaukar jaririn? Lokacin gobarar ginin Twin Parks a nan Bronx, ranar 9 ga Janairun 2022, wadda ta ci rayuka 17, takwas daga ciki yara, akasarinsu 'yan asalin Gambiya, na je gaisuwa kamar kowa. Na ga yadda aka taru aka yi makoki, aka yi sadaka, aka kawo tufafi da abinci. Amma bayan an watse, uwa ta koma ɗaki da abin da ke cinta ita kaɗai. Tun daga lokacin na ƙudurta cewa muna bukatar namu na gida da suka karanci wannan aiki kuma doka ta yarda da su.

Na bincika hanyar, kuma doguwa ce. Ma'aikatar Ilimi ta jihar ce ke ba da lasisin, ta ofishinta mai kula da sana'o'in ƙwararru da ke Albany. Dole sai da digiri na biyu a fannin, mai kiredit 60 (ma'aunin yawan darussan da aka ɗauka), wanda a cikinsa akwai horon aiki na aƙalla awa 600. Ana yin karatun a jami'o'in birni irin su Hunter da City College da Brooklyn College, kuma sun fi masu zaman kansu sauƙin kuɗi. Bayan an gama sai a nemi takardar izinin wucin gadi ta shekara biyu, a yi aiki da ita a wurin da hukuma ta amince, ƙarƙashin sa idon wani ƙwararre, har a tara awa 3,000, waɗanda aƙalla 1,500 daga ciki sai an yi su ne fuska da fuska da masu neman taimako. A duk tsawon wannan lokaci ba a yarda mutum ya buɗe ofishin kansa ba. Sannan ga jarrabawar ƙasa ta NCMHCE, inda ake kawo labarin mara lafiya a ce ki gano abin da ke damunsa ki tsara yadda za ki taimaka masa. Kuɗin lasisin kansa dala 371 ne, shi ne ma mafi sauƙi a cikin lamarin. In na haɗa lissafi, da yara da aikin da ba zan iya ajiyewa ba, shekara biyar ko shida nake kallo.

Tsawon lokacin bai karya mini gwiwa ba. Sana'ar ma ƙara daraja take yi: tun farkon 2024 inshorar tsofaffi ta Medicare ta fara biyan masu irin wannan lasisi, kuma jihar ta buɗe musu hanyar neman izinin tantance cuta da kansu, abin da a da ba su da shi.

Matsala ta farko ita ce kuɗin makaranta. Bashin karatu da gwamnatin tarayya ke ba masu digiri na biyu yana fara tara kuɗin ruwa tun daga ranar da aka saki kuɗin. Maigidana direban tasi ne, mutum mai tsoron Allah, ya ce shi bai hana ni karatu ba amma ba za a shigo masa da riba gida ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma zuciyata ba ta kwanta da bashin ba. Mun yi maganar in riƙa ɗaukar darasi ɗaya ko biyu a kowane zango muna biya daga adashe da abin da nake samu, sai dai hakan zai ƙara jan lokacin. Ya kuma tuna mini cewa yana tunanin mu koma jihar Ohayo inda ƙaninsa yake, saboda tsadar haya, alhali a Amurka kowace jiha da nata lasisin da nata sharuɗɗan. Na Niyok ba ya bin mutum kai tsaye zuwa wata jiha, sai an sake nema.

Amma Anti, abin da ya hana ni barci har na ɗauki alƙalami daban ne. Kafin a ba da lasisin dole a yi wani kwas kan gano cin zarafin yara da kai rahotonsa. Daga ranar da na fara wannan aiki, doka ta ɗora mini cewa in har na samu dalili mai ƙarfi na zargin ana cutar da yaro ko an yi sakaci da shi, tilas in buga waya ga hukumar jiha. Ba sai na tabbatar ba, zargi mai tushe ya isa. Ƙin yin haka da gangan laifi ne da ake hukunta mutum a kansa, kuma zai iya jawo a karɓe lasisin. Da zarar an karɓi rahoton, ma'aikatan hukumar kula da yara ta birni, ACS, za su fara bincike cikin awa 24, su shiga gida, su tambayi yara, su duba jikinsu.

Kin san mu da tarbiyya. Uwa za ta zauna gabana ta amince da ni saboda yarenmu ɗaya, ta ce jiya baban yara ya zane babban da wayar caja saboda ya ƙi sallah, har ya bar masa shaida a baya. A wajenta kuka ta kawo, irin wanda za ta kai wa yayarta. A wajen doka kuwa, duka da ya wuce kima har ya bar rauni abin kai rahoto ne. In na yi shiru na ci amanar yaron da ta aikina. In na buga waya, gobe labari ya cika masallaci da gidan suna cewa 'yar uwarmu ce ta kira wa mutane hukuma. Wasu daga cikin waɗannan iyalai takardunsu na zama ba su kammala ba, ƙwanƙwasa ƙofa kaɗai tashin hankali ne a gare su. Daga ranar babu macen da za ta sake buɗe mini baki, ga shi don su nake son yin karatun.

Ba na goyon bayan a raunata yaro da sunan horo, wannan ban da shakka a kansa. Na ga yaran da duka ya mayar da su ba sa iya haɗa ido da kowa. Na kuma san ƙa'idar aikin ita ce a faɗa wa mutum tun zaman farko cewa sirrinsa a rufe yake, in ban da inda rayuwa ke cikin haɗari ko ake cutar da yaro. Sai dai ina jin tsoron cewa da na faɗi haka, matar za ta ce na gode ta tashi, ba za ta dawo ba.

Surukata da ke gida ta ji labarin, ta aiko cewa me ya haɗa matar aure da aikin asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, kuma irin waɗannan lalurori ai na ruƙiyya ne. Na ba ta amsa da ladabi cewa addu'a da magani ba sa karo da juna, kuma mai ba da shawara ba ya rubuta ƙwaya, magana ce da sauraro. Wata aminiyata kuma ta ce in karanci aikin jinya kawai, in samu albashi mai kyau ba tare da na shiga tsakanin mutane da asirinsu ba. Akwai kuma ƙa'idar da ta hana mutum duba danginsa da ƙawayensa, alhali rabin matan da nake tunani muna haɗuwa a Islamiyya ko wajen biki.

To Anti, ki taimake ni da shawara. Ke da kika daɗe mutane na kawo miki sirrinsu, yaya ake riƙe amanar mai magana a kuma kare wanda ba shi da bakin magana, in su biyun suna gida ɗaya? Shin ya dace in fara zama da limamanmu da shugabannin mata tun yanzu, mu yi maganar dokar yara a fili, don kada ranar da abin ya faru a ce na yi musu ba-zata? Ko kuwa ya fi in yi aikin a wata unguwa inda ba a san ni ba, ko da hakan na nufin ba mutanenmu zan fi taimakawa ba? Game da bashin kuma, in akwai malami a cikin baƙin shirinki da ya san halin zaman Turai da Amurka, ina so in ji ta bakinsa. Ana rufe karɓar takardun neman gurbi a farkon shekara, kuma maigida ya ce sai na zo masa da magana ɗaya kafin ya sa hannu a lamarin.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

'Yar uwarki,
daga Bronx, Niyok